Imanan da Kurfai a Ajin Makaranta: Sharhi kan Kayan Koyar da Tarihi, Labarin Ƙasa da Tarbiyyar Ɗan Ƙasa

Masu iya magana na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan magana ta shafi ɗalibin da ke karatu a Bankuku, babban garin Imanan, ko a Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai. Tsarin karatun Nijar guda ne daga Tilaberi har Difa, littattafan da cibiyar INDRAP take tsarawa kuma don ƙasa baki ɗaya aka yi su. Ɗalibi zai ji labarin daular Songai da ta Borno, da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da turjiyar Sarauniya Mangu a Lugu cikin 1899. Duk wannan ya dace. Amma littafin da aka rubuta don jahohi takwas ba shi da filin da zai tsaya kan kanto guda. Saboda haka idan aka zo darasin sanin muhalli, inda ake son a fara da garin yaro kafin a kai shi nesa, sai nauyin ya koma kan malami, wanda sau da yawa baƙo ne da aka turo daga wata jaha.

Ba a rasa bincike kan yankin ba. A 1974 Henri Guillaume ya wallafa Les nomades interrompus, lamba ta 35 a jerin Études nigériennes, inda ya nazarci yadda Abzinawan Imanan suka bar yawon kiwo suka zauna cikin kwarin Dallol Boso, suna maƙwabtaka da Zabarmawa da Hausawa. A 1980 Boubé Gado ya fitar da Le Zarmatarey, wanda ya bi tarihin al'ummun da ke tsakanin kogin Kwara da Dallol Mauri, ya dogara sosai da labaran baka. A 1975 Finn Fuglestad ya rubuta maƙala kan ƴan Hauka, waɗanda Hausawan yankin ke kira Babule. Sai kuma Histoire du Niger na André Salifou, na 1989, wanda ya haɗa tarihin ƙasar cikin kundi guda.

Waɗannan ayyuka suna da daraja, amma a matsayin kayan koyarwa suna da naƙasu uku. Na farko, dukkansu da Faransanci suke, kuma ukun farko don manazarta aka rubuta su. Na biyu, wurin samunsu shi ne ɗakunan karatu irin na cibiyar IRSH a Yamai, wanda malamin ƙauye ba ya kaiwa gare su. Na uku, kowanne ya kalli yankin ta taga guda. Guillaume ya tsaya kan Abzinawa, Gado ya sa Zabarmawa a tsakiya, Fuglestad kuma hankalinsa na kan dangantakar talakawa da mulkin mallaka. Ga mai bincike wannan ba laifi ba ne. Amma ajin da ya haɗa ɗan Bakurfaye da ɗan Bazabarme da ɗan Ba'abzine da ɗan Bafillace a benci guda yana buƙatar littafin da kowannensu zai ga kakanninsa a ciki, ya kuma ga inda suka yi ciniki da auratayya da na ɗan'uwansa.

A fannin tarihi, abin koyarwa yana nan birjik. A 1916 mayaƙan Firhun, shugaban Abzinawan Iwillimmeden na yamma da ya yi wa Faransawa tawaye, sun kai hari Filinge. Wajen 1925 kuma harkar Babule ta ɓulla a ƙasar Kurfai, ƙarƙashin wata mata mai suna Shibo daga Shikal. Mabiyanta suna kwaikwayon kumandan da sojojinsa cikin bori, suka ƙi bin umarnin sarkin da Turawa ke mara wa baya, har kumandan Crocicchia ya sa aka kama su. Ƴan ci-rani suka kai harkar har Akara, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les maîtres fous. Ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka suna nazarin wannan fim, alhali yaron Shikal yana iya gama firamare bai taɓa jin cewa daga garinsu abin ya taso ba. Haka kuma Janar Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ɗan Fandu ne cikin wannan gunduma.

Labarin ƙasa ma a ƙofar aji yake. Dallol Boso tsohon kwari ne da ruwa ya daina gudu a cikinsa tun da daɗewa, ya taso daga Azawak ya gangara kudu har ya haɗu da kogi a Bumba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa a cikinsa, shi ya sa Bankuku ya yi suna da noman rani, musamman dankalin Turawa. A Tukunus kuma akwai tashar kiwon shanun Azawak. Malamin da ya riƙe taswirar kwarin zai iya bayyana wa yara dalilin da ya sa rijiyar kwari ba ta da zurfi, ta tudu kuwa sai an sha wuya, da dalilin da ya sa manomi da makiyayi suke haɗuwa a wuri guda da rani.

Fannin da ya fi saurin tsufa shi ne na tsarin mulki. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Imanan ta zama ƙaramar hukuma mai magajin gari da kansiloli. A 2011 aka cire Abala da Baleyara daga Filinge, kowacce ta zama gunduma mai zaman kanta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka jingine tsarin mulkin 2010, a Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa musu kantomomi. Duk littafin da aka buga kafin waɗannan shekaru yana koya wa yaro taswira da hukumar da ba su nan. Maganin wannan shi ne a raba abin da ke ɗorewa, kamar aikin sarkin kanto da mai gari, da biyan haraji, da takardar haihuwa, daga abin da ke sauyawa, a buga na biyun a ƴan takardu masu sauƙin sabuntawa.

Batun harshe ba sabo ba ne. Tun 1973 aka buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, dokar LOSEN ta 1998 ta ba waɗannan harsuna gurbi a makaranta, kundin da aka zartar a Maris 2025 kuma ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai a Imanan, littafin da aka yi da Hausa kaɗai zai bar yara da yawa a waje. Dole a yi shi da Zabarmanci da Tamajak ma.

Akwai haɗari guda da ya kamata masu wannan aiki su kiyaye. Tarihin gari yakan rikiɗe ya zama kirarin gidan sarauta. Littafin da ya jera sunayen sarakuna, ya yi shiru kan hare-haren ƙarni na 19, da bauta, da talakawan da suka ƙi biyan haraji, ya ɓoye wa yaro rabin gaskiya, sauran rabin kuwa zai ji shi a bakin wanda ke neman raba kan jama'a. A jahar da rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu cikin shekarun baya-bayan nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin bai fi ƙarfin ƙungiyoyin malamai da na raya al'adu ba. Abin da ake buƙata shi ne ɗan littafi na gunduma, da taswirar kwarin, da jadawalin shekaru, da labaran da za a ɗauko daga bakin dattawan kowace al'umma, a gwada su da abin da Guillaume da Gado suka rubuta, sannan a miƙa wa masana na jami'ar Abdou Moumouni su tace. Dattawan da suka ji labarin Firhun da Shibo daga bakin waɗanda suka gani da ido suna ƙarewa, don haka da su ya kamata a fara.