Haske da Duhu a Titunan Mosko: Tarken Littafin Nochnoy Dozor na Sergei Lukyanenko

Tun zamanin tatsuniya, mai sauraro ya san inda zai ajiye zuciyarsa da zarar an ambaci Dodo da yarinyar da ya sace. Nagari yana gefe guda, mugu yana ɗaya gefen, ana kuma jiran ranar da za a yi ta ta ƙare. Littafin da wannan maƙala za ta yi tarkensa ya ɗauki wannan tsohon jigo na arangamar haske da duhu, ya kai shi tsakiyar birni na zamani, sa'annan ya hana mai karatu wannan kwanciyar hankali. Sunansa da harshen Rashanci Nochnoy Dozor, wato Masu Gadin Dare. Sergei Lukyanenko ne ya rubuta shi, aka buga shi a Rasha a 1998. Fassarar Ingilishi da Andrew Bromfield ya yi, wadda ta fito a 2006, ita ce na dogara da ita, saboda haka ba zan ce komai ba game da daɗin Rashancin marubucin. Zubi da jigo da taurari kawai zan duba.

An haifi Lukyanenko a 1968 a Kazakistan, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyat, ya kuma karanta aikin likita, ɓangaren masu taɓin hankali, kafin ya koma rubutu. Shekarar da littafin ya fito tana da muhimmanci ga fahimtarsa. Tarayyar Sobiyat ta wargaje a ƙarshen 1991, a watan Agusta na 1998 kuma gwamnatin Rasha ta kasa biyan basussukanta, kuɗin ƙasar ya faɗi warwas. Mutanen da aka shafe shekaru saba'in ana gaya musu cewa su ne rundunar gaskiya a duniya sun wayi gari ba su san wanda za su yarda da shi ba. A cikin wannan hali ne aka miƙa musu labarin da nagari da mugu suke zaune a birni ɗaya suna rubuta wa juna takardar ƙorafi.

Ga yadda duniyar labarin take. A cikin jama'a akwai waɗansu da ake kira Na Daban, waɗanda 'yan Adam ne suka haife su, amma suna da baiwar shiga wata duniya da ke lulluɓe da tamu. Sunan da marubucin ya ba wannan duniya yana nufin duhu-duhun faɗuwar rana, ni kuwa zan kira ta Almuru, domin a wurin Bahaushe ma lokacin ne iyaye suke kiran yara gida saboda masu abu sun fito. Mutum yana shiga Almuru ne ta hanyar ɗaga inuwarsa ya taka cikinta. Halin da zuciyarsa take ciki a ranar da ya fara shiga shi ne yake yanke masa ɓangare, ko Haske ko Duhu, har abada. Bayan yaƙi mai tsawo, ɓangarorin biyu sun gane cewa ba wanda zai ci galaba sai dai duniya ta hallaka, sai suka ƙulla Yarjejeniya. Mutanen Haske suka kafa Gadin Dare domin sa ido a kan na Duhu, na Duhu suka kafa Gadin Rana domin sa ido a kan na Haske, aka kuma sa wata majalisar alƙalai a bisansu duka.

A nan ne hikimar littafin take, kuma a nan ya kamata mai nazari ya daɗe. Yarjejeniyar ta tanadi cewa duk alherin da na Haske suka yi da sihiri, na Duhu sun sami izinin yin sharri daidai nauyinsa. Tun a farkon labari tauraronmu Anton Gorodetsky ya ɗan gyara zuciyar wani ɗan damfara a kan titi, abin da bai taka kara ya karya ba, sai ga wata mayya ta Gadin Rana mai suna Alisa ta kama shi da laifi. Dole ya amince mata da damar yin nata aikin a madadin nasa. Likitan da zai iya warkar da asibiti guda a dare ɗaya dole ya naɗe hannu, domin ya san abin da warkarwar za ta saya wa abokan gaba. Mafi muni shi ne lasisin farauta. Mashaya jinin mutane suna cikin na Duhu, kuma suna da rajista. Wanda ya bi doka a cikinsu yakan sami takardar izinin kashe mutum guda da ƙuri'a ta faɗa wa, ofishin da yake ba da takardar kuwa shi ne Gadin Dare, wato mutanen Haske. Duk wanda ya taɓa jin an ce an yi sulhu da 'yan ta'adda domin a zauna lafiya, alhali ya san wani talaka ne zai biya kuɗin sulhun da ransa, zai gane abin da Lukyanenko yake faɗi ba tare da an yi masa fashin baƙi ba.

Marubucin bai bar wannan a matsayin tunani kawai ba, ya ba shi fuska. Anton yana zaune a bene ɗaya da wani iyali na mashaya jini, ɗansu Kostya kuma abokinsa ne tun kafin Anton ya san ko su wane ne. Mutane ne masu bin doka, masu gaisuwa, suna rayuwa da jinin da ake bayarwa a asibiti. Bayan Anton ya kashe wani mashayin jini da ya yi farauta ba da lasisi ba, Kostya ya zo ya same shi a gida cikin ɓacin rai. Zancen da suka yi a ɗakin girki ya fi duk faɗace-faɗacen littafin nauyi. Yaron bai zaɓi halittarsa ba, yana kuma ƙoƙarin zama mutumin kirki a cikin jikin da aka yi domin kisa, ga maƙwabcinsa ya zama ɗan sandan da zai iya ƙona shi ranar da ya yi tuntuɓe. Ba a ba kowa gaskiya ba a wannan fage, an dai bar su sun rabu kowa da nasa ciwon.

Ta fuskar zubi da tsari, littafin labarai uku ne da aka jera, kowanne da 'yar gabatarwarsa, sauran kuma daga bakin Anton muke ji. Anton ma'aikacin kwamfuta ne a ofishin Gadin Dare da shugabansa Geser ya tura aikin titi ba da son ransa ba. A labari na farko yana bin sawun mashaya jinin da suke jan wani yaro mai suna Yegor da kiransu, sai ya ga wata mace a jirgin ƙarƙashin ƙasa da baƙar guguwar la'ana tana juyi a bisa kanta, guguwar da in ta fashe za ta jawo wa Mosko babban bala'i. Aka bazama neman mugun da ya la'ance ta. Daga ƙarshe aka gano cewa Svetlana, wadda likita ce, ita ta la'anci kanta saboda ganin da take yi ta gaza wa mahaifiyarta mai ciwon ƙoda. Ina ganin a nan ne likitan masu taɓin hankali ya leƙo ta bayan marubucin, kuma warwara ce mai gamsarwa, domin ta fito daga halin tauraruwar kanta.

Labari na biyu ya kawo Maksim, mutumin Haske da ba wanda ya gano shi balle ya koya masa doka. Yana iya ganin na Duhu amma ba ya ganin 'yan'uwansa na Haske, saboda haka ya ɗauka shi kaɗai aka bar wa duniya. Yana yawo da wuƙar katako yana kashe na Duhu, har da waɗanda ba su karya Yarjejeniya ba, zuciyarsa kuwa fes, ba ya jin ya yi laifi. Hoton mai tsattsauran ra'ayi ke nan, kuma an zana shi da adalcin da ya sa ya fi ban tsoro. Sai da ya ɗaga wuƙa a kan yaro Yegor sa'annan aka tsayar da shi. Hukuncin da aka yi masa kuwa shi ne shigar da shi majalisar alƙalai. Labari na uku, na allin da ake gyara littafin ƙaddara da shi, shi ne mafi rauni, ko da yake a cikinsa ne aka bayyana cewa kwaminisanci yana cikin gwaje-gwajen da na Haske suka yi domin gyara ɗan Adam, gwajin da ya ci miliyoyin rayuka. A cikinsa ne kuma Anton ya bi tituna yana zuƙe farin cikin mutane domin ya tara ƙarfi, tun da na Haske da murnar jama'a suke ƙoshi kamar yadda na Duhu suke ƙoshi da baƙin cikinsu. Ya bar masoya da masu biki a sanyaye, duk da sunan alheri.

To, sai dai littafin yana da aibobi da ba za a rufe ido a kansu ba. Na farko, labaran uku ƙira ɗaya aka yi musu. A kowanne Anton yana zaton ya gane wasan, sai a shafukan ƙarshe a nuna cewa Geser ne ya shirya komai tun farko domin ya yaudari takwaransa Zabulon, shugaban Gadin Rana. Yegor, wanda muka damu da shi, ashe tarko ne kawai aka ɗana da shi. Dabarar ta yi armashi a karo na farko. A karo na uku mai karatu ya riga ya daina yarda da duk abin da aka nuna masa, yana jiran tsohon ya fito ya yi bayani. Idan kuwa kowane zaɓi na tauraro an riga an lissafa shi, to doguwar muhawarar da yake yi da zuciyarsa a kan 'yancin zaɓi ta zama shan wahalar banza. Muhawarar kuma tana da yawa. Akwai wuraren da labari yake tsayawa cik, taurari su zauna da kwalba suna falsafa har mai karatu ya ƙosa.

Na biyu, matan littafin. Svetlana an ce za ta fi Anton ƙarfin sihiri nesa ba kusa ba, amma aikinta a labari shi ne a yi shawara a kanta ba da saninta ba. Littafi na biyu, wanda Lukyanenko ya rubuta tare da Vladimir Vasiliev aka buga a 2000, ya bayyana cewa ƙaddarar da aka gyara a asirce tata ce, domin ta haifi wata babbar mai ceto. Olga kuwa, tsohuwar matsafiyar da aka hukunta ta hanyar mayar da ita mujiya, duk da kaifin bakinta, a kan shirin masoyinta Geser take tafiya. Haka su ma talakawan Mosko, waɗanda ake cewa dominsu ake gadin, ba su da murya. Ana share musu tunani, ana juya su, ana tatsar su. Littafin ya ga wannan zalunci, ya ambace shi, amma bai taɓa tsayawa a cikin idon mutum guda da ƙuri'ar farauta ta faɗa wa ba. Wannan giɓi ne babba a littafin da ya gina darajarsa a kan tambayar wane ne yake biyan kuɗin zaman lafiya.

Akwai kuma tambayar ko marubucin ya riƙe sikelin daidai kamar yadda yake nunawa. A farkon littafin an sa hatimin amincewar ofisoshin biyu, na Dare da na Rana, alamar cewa ba a goyi bayan kowa ba. Amma daga bakin ɗan Haske muke jin labarin, kuma duk ƙaryar da Geser ya yi, a ƙarshe ana nuna cewa dabararsa ta yi amfani. Darasin da yake ɓoye a nan shi ne ƙaramin ma'aikaci ya yi gunaguni iya son ransa, sa'annan ya koma bakin aiki, domin manya sun fi shi hangen nesa. Da Lukyanenko ya fito fili ya goyi bayan yaƙin da Rasha ta ƙaddamar a kan Yukren a 2022, masu karatu da dama sun yi mamakin yadda mai shakkar kowace tuta ya rungumi guda. Ni da na sake karanta littafin ban yi mamaki sosai ba.

Abin da ba za a ƙwace masa ba shi ne birnin. Mosko ta wannan littafi tana da tashoshin jirgi masu suna, da rumfunan sayar da barasa, da benaye masu warin fitsari a matakala, da hasumiyar talabijin ta Ostankino inda Gadin Rana suka kafa sansani. Mayu suna hawan tasi, matsafa suna cike takardun rahoto. Ba shi ya fara wannan ba, domin Mikhail Bulgakov ya riga ya sauke Shaiɗan da tawagarsa a Mosko a littafinsa da aka fara bugawa a 1966, shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Amma Lukyanenko ya mayar da abin sana'ar yau da kullum, wannan ne kuma ya sa fim ɗin da Timur Bekmambetov ya yi a kan labarin a 2004 ya karɓu ƙwarai a Rasha.

A nan ne nake ganin ɗalibanmu masu sha'awar ƙagaggen labari suke da abin dubawa. Adabinmu bai rasa aljanu da matsafa ba tun daga Ruwan Bagaja da Ganɗoki na gasar 1933, kuma aro daga Rasha ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga labarin jarumin Rashawa Ilya Muromets aka ɗauko shi. Sai dai mafi yawan littattafan yaƙi da na karanta suna kai abin al'ajabi can wata ƙasa mai nisa a wani zamani da ba a ambata ba, inda sarkin Musulunci yake karawa da sarkin matsafa, kowa kuma ya san wanda zai yi nasara. Alhali a zancenmu na baka aljani yana cin kasuwa, yana da unguwa, akwai Musulmi a cikinsu akwai kafiri, maye kuma maƙwabci ne da ake gaisawa da shi kullum safiya. Kayan aikin da Lukyanenko ya ƙago da wahala mu muna da su a gida. Ɗalibin da yake bi ta ƙarƙashin gadar Legas bayan magariba, ko ya ratsa kasuwar shanu ta Agege an tashi, ya riga ya san inda ƙofar Almurunsa take, saura ya yanke shawarar wanda zai ba aikin sa hannu a takardar lasisi, da kuma sunan mutumin da ƙuri'ar za ta faɗa wa.