Jinjina ga Masu Tukubar Tsire na Gwarzo da Kabo

Da zarar 14 ga Fabrairu ta ƙarato, sai shagunan birnin Kano su cika da jajayen furanni na roba, da cakulan, da turare mai ɗan karen tsada. Wai ranar masoya. 'Yan kasuwa dai sun san abin da suke yi. Wanda aljihunsa ya gaza kuwa, sai a sa masa jin kamar ƙaunarsa ce ta gaza.

Ni kam masu tsiren Gwarzo da Kabo nake jinjina wa. Tun la'asar mai tsire ke yanka nama falle-falle, ya soke a tsinke, ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli da yaji, ya yarfa man gyaɗa, sannan ya kafa tsinkunan kewaye da tukuba. Sanin wuta shi ne gwanintar: ta yi yawa ƙuli ya ƙone, ta yi kaɗan nama ya fito ɗanye. Ba a koyon wannan a wata guda.

Bayan isha'i magidanta ke tsayawa, daga Getso har Garo. "Na ɗari biyar, a sa albasa da yawa, uwargida na so." Mai tsire ya san wa ke da amarya, wa ke da mai jego, har ya yi gyara ba a roƙa ba. Wani lokacin ma bashi ne, sai ranar kasuwa.

A gida a shimfiɗa tabarma, a kwance takarda, yaran da suka ƙi barci su miƙo hannu. Mai mata biyu dai ƙunshi biyu zai saya, in yana son zaman lafiya.