Gwanayen Auna Labari

A duk unguwar da ake karanta littattafan Hausa, akwai mutum ɗaya ko biyu da ake jiran ta bakinsu. Sabon littafi zai fito, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta ce ya yi daɗi, wancan ya ce bai yi ba, amma magana ba ta zama sai su sun karanta sun faɗi tasu. Yawanci mata ne, don tun da aka fara buga littattafan soyayya a Kano a shekarun 1980, mata ne suka riƙe kasuwar: su ne masu saye, su ne masu aro, da yawansu kuma su ne masu rubutawa. Wani lokaci kuma mai hayar littattafai ne, wanda ya karance duk abin da ke jere a kantarsa kafin ya ba kowa. Akasarinsu ba su taɓa zama a ajin nazarin adabi ba, ba sa kuma rubuta sharhi a jarida. Baiwarsu ita ce iya auna labari, kuma a ganina gwaninta ce da ta isa a tsaya a dube ta da kyau.

Kowa yana iya jin daɗin littafi. Gwani shi ne wanda in ka tambaye shi dalili zai kai ka har wurin. Zai ce maka labarin ya tafi daidai har inda aka kai amarya, daga nan marubucin ya rasa yadda zai yi da kishiyar, sai ya haɗa ta da haɗarin mota don ya huta. Zai ce maka jarumin ya shekara goma cikin talauci, dare ɗaya ya wayi gari attajiri, ba a nuna mana ko kwabo ɗaya da ya nema da guminsa ba. Duk hukuncin da ya yanke, akwai shafin da zai buɗe maka ka gani da idonka. A jami'a ana koyar da wannan aiki da sunayensa, jigo da salo da taurari da zubi da tsari. Su waɗannan masu karatu suna taɓo kowanne ba tare da sun kira sunansa ba, kamar gwanar girki da za ta ɗanɗana miya sau ɗaya ta ce daddawa ta yi kaɗan, kuma an sauke tukunyar da wuri.

Aikin yana cin riƙo ƙwarai. Labarin Hausa cike yake da dangi: uwargida da amarya, 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya, ƙanwar miji, kakar da ta yaye yarinya ta riƙe ta, ɗan riƙon da ba a faɗa wa asalinsa ba. Ga shi kuma an saba raba littafi kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, wani lokaci sai an yi watanni kafin na gaba ya fito. Gwanar karatu tana ɗauke da gidan nan gaba ɗaya a kanta. In marubuci ya ce a littafi na ɗaya uwar jaruma ta rasu wurin haihuwarta, sannan ya shafa'a ya ba ta ƙane uwa ɗaya uba ɗaya a na uku, ita ba ta shafa'a ba. Tana kuma gane labarin da ya ƙare tun a tsakiyar na biyu, aka yi ta jan sa da lissafin akwatunan lefe da kayan ɗaki da jerin motocin ɗaukar amarya, don kawai a samu na ukun da za a kai kasuwa.

Na ga wannan aiki da idona a wurin wata gwaggona. Ta gama karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, sai ga wata 'yar ɗan'uwanta da ta riga ta karantawa ta shigo da zafinta. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, ɗan kasuwar da ya ƙuntata mata ita da tarin 'ya'yanta, ya auro Delu, ya kori Rabi daga gidan. Ita kuwa ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Da duniya ta juya wa Alhajin baya, gobara ta cinye masa dukiya, sai aka taru a kan Rabi a kan lallai ta koma ɗakinta.

"Gwaggo, ai marubuciyar nan ta cuci Rabi," in ji yarinyar. "Duk wannan wahala da ta sha, a ce kuma ta koma?"

Gwaggo ta rufe littafin ta ɗora a cinya. "Tsaya mana, 'yar nan. Ni ma ban so ta koma ba. Amma ki duba su wa suka mayar da ita, ki kuma duba yadda ta koma. Rabin da aka kora tana kuka ita ce ta dawo? Wadda ta dawo ai ita ke riƙe da gidan. Da an bar ta ta yi zamanta, da mun ji daɗi, amma da an yi mana ƙarya, don ke ma kin san yadda ake yi a garin nan."

A nan gwanintar ta fi wuya, a nan kuma ta fi burge ni. Gwaggo ta raba abin da ranta ke so da abin da labarin ya ci. Masu karatu da yawa ba sa iya wannan. Mugun da ke cikin littafi zai ɓata musu rai, sai su huce a kan marubuci, su ce littafin bai yi ba. Gwani ya san cewa in ka ajiye littafi kana jin haushin Delu kamar maƙwabciyarka ce, to marubuciyar ta gama aikinta. Ya san kuma akwai littafin da zai sa shi kuka alhali ɗinkinsa a warware yake, don kawai ya taɓo wani tsohon ciwo nasa. Zai faɗa maka gaskiya: na yi kuka, amma labarin bai tsaru ba. Kafin mutum ya iya furta wannan, sai ya san littafi, ya kuma san kansa.

Haka suke yi wa tsofaffin littattafai ma. Ɗauki biyu daga cikin waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam gudu yake yi, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta ɗana wa juna tarko daga gari zuwa gari, mai karatu yana dariya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a hankali yake tafiya, har mai gaggawa ya ce ya yi sanyi. Gwani zai tuna maka waye ke ba da labarin: dattijon malami ne zaune a gaban almajiransa, wanda ya ga bauta da rabuwa da uwa da ƙetare hamada, ya kuma miƙa lamarinsa ga Allah. Irin wannan mutum ba ya ɗaga murya. Sanyin muryar tasa shi ya sa wahalar uwar da ta bazama neman ɗanta take sukar zuciya fiye da a ce an cika shafin da kururuwa. Gwanin bai ce dole sai ka fi son ɗaya a kan ɗaya ba. Yana nuna maka ne cewa kowanne da ma'aunin da za a auna shi da shi.

Sai kunne. Gwanar karatu tana sauraron maganar mutanen cikin littafi yadda take sauraron ta tsakar gida. In aka sa tsohuwar ƙauye ta kira ɗan farinta da sunansa gatsal a gaban surukai, nan take za ta ce marubucin bai san alkunya ba, ko kuwa ya manta da wadda yake sa wa magana a baki. In Basakkwace da Bakano da Bazazzagi duk suka yi magana iri ɗaya, za ta ji. In saurayi ya tsaya zance yana zuba kalaman da babu mai faɗarsu a zaure ko a ƙofar gida, za ta gane daga fim ɗin Indiya aka kwaso su. Ba aron take ƙi ba. Ta san Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga wurare da dama, har da Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai, amma ya zaunar da su a fada, ya ba su waziri da fadawa da karin maganar Hausa, har akun da ke ba da labaran ya zama kamar a ƙasar nan aka ƙyanƙyashe shi. Abin da take nema ke nan ga duk mai aro: ya sha wahalar mayar da abin ɗan gida.

Masu karanta labarin zane su ma suna da nasu gwanayen, sai dai su ido ne jarinsu. Yaran da suka taso da Supa Strikas, littafin zanen ƙwallon ƙafa da ya faro daga Afirka ta Kudu ya bazu har Najeriya, sun san rabin labarin a cikin hoto yake. Mai lura a cikinsu zai nuna maka dabarar tsayar da ƙwallo a iska a hoton ƙarshe na shafi, yadda sai ka juya takarda kafin ka san ko ta shiga raga. Zai kuma kama mai zane in rubutu ya ce mutum ya fusata amma fuskar ba ta nuna ba.

Mai hayar littattafai yana ƙara wani abu a kan wannan duka, wato sanin mutane. Yaron da ya zo neman labarin yaƙi da jarumta, irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ko littattafan Abdulaziz Sani Madakin Gini, ba za a miƙa masa rikicin kishiyoyi ba. Matar da aka aiko yaro ya karɓo mata, ya san wanda ta karanta a makon jiya da abin da ta ce a kansa. In zai tallata maka littafi, zai ba ka farkon labarin daidai inda zai kama ka, ya kawo ka bakin ƙullin, sai ya yi shiru ya miƙo maka. Iya yin shirun nan ma gwaninta ce. Wanda bai iya ba, zumuɗi zai sa ya warware maka ƙarshen, ya kashe maka karatun.

Kada a ɗauka wannan hira ce kawai ta cika lokaci. Marubutan Kano na wancan zamani, irin 'yan ƙungiyar Raina Kama, da kuɗinsu suke buga littattafansu, babu kamfanin da zai yi musu talla. Littafi irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da bakin masu karatu ya kai inda ya kai. Marubuta suna sa adireshinsu a cikin littafi, daga baya lambar waya, masu karatu suna aiko musu da yabo da gyara da ƙorafi. A shekarun 1990 masana sun yi ta kai ruwa rana a shafukan jaridu a kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, Ibrahim Sheme ya buɗe wa muhawarar fili a jaridar New Nigerian. A 2007 har ƙona wasu littattafai aka yi a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Duk tsawon wannan lokaci, a cikin ɗakuna da shagunan haya, akwai masu tantancewa littafi bayan littafi, suna cewa wannan ya yi, wannan shirme ne, wannan kada a ba yara. Hukuncinsu ya fi na mai yi wa littattafan kuɗin goro nauyi a wurina, saboda su sun karanta.

Ba a haihuwar mutum da wannan ido. Yawan karatu ne ke kawo shi, mai kyau da marar kyau, don wanda bai sha karanta labari mai rauni ba ba zai san darajar tsararre ba. Maimaici ma yana ciki: karatun farko don a ji yadda za ta ƙare, na biyu don a ga yadda aka ƙulla. Sai kuma musu. Gwanayen da na sani duk sun yi dacen abokin gardama, wanda zai ce musu ban yarda ba, kawo hujja.

Abokin gardamar nan shi nake jin tsoron kada mu rasa. Yau labari ya koma waya, marubuta suna sakin sa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu sun fi na da yawa, ga gasa irin Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 tana fito da sababbin marubuta mata. Amma abin da ya fi yawa a bakin masu karatu shi ne sambarka da a ƙaro mana, wanda ya kawo gyara kuma sai a ce hassada yake yi. Marubucin da ba ya jin komai sai yabo, a inda yake zai tsaya. Don haka, mai karatu, in ka gama littafin da ke hannunka, kada ka tsaya a kan ya yi daɗi. Nemi wurin da ya kama ka da wurin da ya sake ka, ka faɗa wa marubucin cikin ladabi, ka kuma nemi wanda ya fi ka daɗewa a karatu a gidanku ko unguwarku ka ji ta bakinsa.