Kalmar "Attack" a Hannun Masu Fassara

A hutun da ya wuce ina zaune da kakata muna sauraron labarai daga wani gidan rediyo, sai mai karatu ya ce wani attajiri ya rasu sakamakon "harin zuciya". Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ɗan nan, su wane ne suka kai masa harin?" Sai da na yi mata bayani cewa jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe farat ɗaya. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Laifin ba na tsohuwa ba ne, na mai fassara ne. Ya ga kalmar Turanci "attack", sai ya sa "hari" ya wuce abinsa. Turawan Ingila sun aro kalmar nan daga Faransanci wajen shekarar 1600, Faransawa kuma daga Italiyanci, inda asalinta ke nufin liƙawa ko haɗawa, kamar a ce an haɗa yaƙi. Tun daga nan ta yi ta yaɗo har ta shiga asibiti da majalisa da filin ƙwallo.

Idan ana maganar abin da Japan ta yi wa sojojin ruwan Amurka a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, to, "hari" ya zauna daidai, domin a Hausa hari shi ne a far wa mutane da makami ba su shirya ba, daga nan ne ma muka sami "mahara". Amma in mai asma ne, Bahaushe cewa yake ciwonsa ya tashi. In ɗan majalisa ne ya miƙe ya yi wa minista kaca-kaca da baki, suka ya yi, ko caccaka. In ɗalibi ne da lissafi mai wuya, tunkararsa ya yi. Mayunwaci kuwa afka wa tuwo yake yi. Ko a fagen daga ma muna da farmaki da samame da mamaya da kwanton ɓauna, kowanne da muhallinsa. Watau inda Bature ya ɗora wa kalma guda kaya, mu rarraba su muka yi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar 'yan aji ce kawai. A ƙasar da mahara ke kwashe mutane a ƙauyuka, kalmar "hari" tana tsinka zuciya. Ranar da aka ce wani ɗan siyasa "ya kai wa" wani malami ko basarake "hari", alhali sukarsa kawai ya yi a jawabi, magoya baya ba za su tsaya duba ƙamus ba kafin su fito titi.

Na san za a ce aikin ɗakin labarai na gaggawa ne, kuma harshe yana girma da aro. Gaskiya ne, har masu sharhin ƙwallo sun saba mana da "kai hari", kuma ba wanda ya firgita, don mai sauraro ya san filin wasa ake. Aron da ke sa tsohuwa salati a banza kuwa ɓarna ne.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa, mu da za mu gaji waɗannan kujeru gobe: kafin mu rubuta "hari", mu tambayi kanmu, akwai makami a wurin? In babu, mu nemi kalmar da Bahaushe zai faɗa. Allah ya sa mu dace.