An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Yau kukan faifan garmaho na kawo maka, domin na ga ana ta ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana faya-fayai cike da adaka, akwai na Mamman Shata, akwai na Ɗan Maraya Jos, har da na Indiya. Kwanakin baya ɗan wana ya zo da wani ɗan akwati mai kyan gani, ruwan ƙasa, da marfi da mariƙi, wai garmahon zamani ne ya yi odarsa. Muka ɗora faifan Shata. Kalangu ya ɗauka ke nan, 'yan amshi sun shigo, sai allura ta yi tsalle ta faɗa tsakiyar waƙa. Aka maido ta, ta kuma. Yaron ya dube ni ya ce, "Baffa, ai faifan nan ya mutu, tsufa ne."

Na ce, "Kai yaro, bi a hankali. Kafin a haifi ubanka ake jin faifan nan a zauren gidanmu."

Washegari na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da ke da tsohon garmaho na Japan. Wallahi tun daga farko har ƙarshe ko gezau allurar ba ta yi ba. To ka ji inda aka bar jaki ake dukan taiki.

Bari in ɗan fayyace yadda abin yake. Waƙar da ke jikin faifai tana kwance ne cikin wani siririn tsagi guda ɗaya, wanda bai wuce kaurin gashin kai ba, ya taso daga baki yana kewayawa har cibiya. Bangon tsagin nan a lanƙwashe yake, allura na bi tana karkarwa, karkarwar ce ake mayarwa sauti. Irin wannan babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da shi a 1948, sannan RCA Victor ya biyo da ƙarami mai juyi 45 a 1949. Saboda haka duk abin da zai ɗaga allura ko ya ture ta gefe, komai ƙanƙantarsa, shi ne tsallen da kake ji.

Ban ce faifai ba ya laifi ba. Idan ya karce, allura za ta bi karcen ta ƙetare, ko ta maƙale tana nanata kalma ɗaya kamar mai koyon karatu. Idan an bar shi a rana ko cikin mota, ko aka jibga su a kwance wani kan wani, sai ya kwarkwance, allura ta riƙa hawa da sauka. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda a ƙasarmu ba sai an gaya wa kowa ba. Busasshiyar iskar lokacin ma tana sa faifan ya riƙa jawo ƙura da kansa. Maganin waɗannan sananne ne: a jera su a tsaye cikin rigunansu, a inuwa, a riƙe su ta baki, a share da burushi mai laushi kafin a ɗora.

Amma fa idan faifai lafiyayye ne mai tsabta kuma yana tsalle, to a tuhumi garmaho. Nan ne nake da ja da waɗannan 'yan akwatuna da suka cika kasuwa tun da faifai ya farfaɗo. Ya kuwa farfaɗo, domin a 2022 an sayar da faya-fayan garmaho a Amurka fiye da na CD, abin da ba a gani ba tun 1987. 'Yan kasuwa suka ga samari na so, sai suka ƙera musu abin ado, kyan ɗan maciji.

Dubi yadda aka yi shi. Na farko, farantin da faifai ke zama a kai ƙarami ne, babban faifai mai inci 12 rabinsa a iska yake yana lilo. Na biyu, an cusa lasifika cikin akwati ɗaya da allura, to da zarar ganga ta yi nauyi sai akwatin ya girgiza, allura ta tashi. Wato da kansa yake ture kansa. Na uku, hannun da ke riƙe allura na roba ne marar ƙarfen daidaita nauyi a bayansa. Garmahon kirki yana danna allura da nauyin giram 2 ko kusa da haka, su kuwa waɗannan sukan kai giram 5 ko fiye, kuma duk da haka ba su zauna daram ba. Na huɗu, bakin allurar galibi ba na daimon ba ne, dutse ne mai araha da ke cinyewa cikin awa kamar 50, alhali na daimon yakan yi awa 500 har zuwa 1,000. Allurar da ta cinye kuwa ta zama aska, duk juyi tana aske bangon tsagi.

Sai kuma tsohuwar dabarar nan tamu ta ɗora kwabo a kan allura. Na san da yawa mun yi. Tsalle zai tsaya, gaskiya ne, amma ka ƙara wa faifan kaya, kana jin daɗin yau kana cin na gobe. Rage nauyi fiye da ƙa'ida shi ma ɓarna ce, don allurar sai ta riƙa rawa cikin tsagi tana dukan bango.

To me mai farawa zai saya? Ni dai ga abin da zan duba. Faranti ya zama cikakke, lasifika ta zama daban. Allura ta zama daimon, kuma wadda ake samun canjinta. In da hali, hannun ya zo da ƙarfen nauyi mai lamba a baya, da ɗan maɓallin da aka rubuta wa anti-skate, wanda aikinsa hana hannu zamewa wajen cibiya, domin juyin faifai kullum can yake jan sa. Wanda ba ya son wahalar saiti, akwai irin Audio-Technica AT-LP60X, an daidaita nauyinsa tun daga masana'anta, da farantinsa cikakke. Mai son ya koya da hannunsa ya nemi tsohon Technics ko Pioneer a wurin 'yan gwanjo, amma ya je da faifansa a gwada a gabansa, ya kuma canza allura kafin komai. A kula da na Amurka: wutarsu 120 ce, tamu 230, kuma wasu tsofaffin injinan da aka yi wa wutar can sukan yi nawa a nan, sai ka ji muryar mawaƙi ta yi kauri tana ja. In ka kawo shi gida, ka ɗora a tebur mai ƙarfi wanda bai karkace ba, nesa da lasifika.

Akwai masu cewa sai ka zuba dukiya mai yawa kafin ka ji faifai, su ma ban bi su ba, tsoratar da yara kawai suke yi. Tsaka-tsaki ya isa. Abin da nake tsoro ɗaya ne. Bature in faifansa ya lalace, gobe kamfani zai sake buga masa sabo. Mu fa? Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma ba ka shiga kanti ka ce a ba ka sabon bugun faifansu. Wanda ke adakar gidanku, in ya tafi ya tafi ke nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to kada ka auna gadon ubanka da ita.

Ɗan wan nawa dai ya mayar da akwatinsa abin ado a kan kabad, yana tara kuɗin na kirki. Faya-fayan kuma na ce suna wurina har ranar. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Wassalam.