Hannun Masaga: Yadda Ake Gane Mai Ƙarau Ba da Sa Hannu Ba

Akwai wani hukunci da ya yaɗu a tsakanin masu tara kayan tarihi, wai duk abin gilashin da ba a rubuta sunan mai yinsa a gindinsa ba majahuli ne, bai cancanci nazari ba. Da wannan ma'auni suke ɗaukaka tulun furanni na Lalique ko na Murano, su kau da kai daga ƙarau ɗin da ke kwance a adakar tsofaffin matan garin Mahuta. Wannan hukunci raunanne ne tun daga tushensa. An san cewa kamfanin Lalique ya daina sa harafin R a tambarinsa bayan rasuwar René Lalique a 1945, an kuma san cewa 'yan jabu sun sha ƙara harafin da hannunsu domin su tsufantar da sabo. Ashe rubutu shi ne mafi sauƙin abin da ake ƙagawa.

Tarihin namu sananne ne. Masaga na Bida, waɗanda ke danganta asalinsu da Misira, sun daɗe suna narka yashi da kanwa su fitar da baƙin gilashin da suke kira bikini, kafin su koma narka kwalabe, kamar yadda masanin al'adu Nadel ya bayyana a littafinsa na 1942. Fatake kuwa suka yi ta ɗauko ƙarau zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, inda kuɗin auduga ke zama kayan amare.

Hujjar kuwa tana jikin ƙarau ɗin. Bamasage yakan ɗebo narkakken gilashi a kan sandar ƙarfe, ya huda shi, sa'an nan ya yi ta juya shi a bakin wuta yana buɗa ramin har zoben ya kai girman wuyan hannu. Saboda haka, duk wanda ya bi da'irar da farcensa, sannu a hankali, ba zai ci karo da mahaɗa ba, alhali irin wanda ake yi a Firozabad ta Indiya daga doguwar naɗiya ake yanko shi, a liƙe bakunansa biyu, kuma wurin liƙin ba ya ɓuya. Cikin na Bida shafaffe ne inda ya kwanta a kan ƙarfe, bayansa kuwa kumburarre. In aka ɗaga shi ga hasken hantsi, sai a ga ƙwayoyin iska sun miƙe sun bi da'ira, domin jan da aka yi wa gilashin ya ja su tare da shi. Kaurinsa ba ya daidaita ko'ina, kuma launinsa, kore ko ruwan ƙasa ko shuɗi, yana nuna irin kwalbar da aka narka.

Ra'ayina shi ne, dillaliyar da ke karanta waɗannan alamomi, ta kuma iya faɗin uwar da ta saya da 'yar da ta gada, tana bin tafarkin malaman hadisi ne, masu auna matani su kuma binciki isnadi. Gaskiya ne ba za ta ambaci sunan mutum guda ba, amma za ta tabbatar da gari da unguwa da zuriyar masu sana'a, wadda kuwa ita ce nasabar da Masaga da kansu suke alfahari da ita. Wajibi ne a rubuta ilmin irin waɗannan dillalai mata tun suna raye, domin in isnadin ya yanke, rabin hujjar ya tafi.