Maɓallin Preview, Allah Ya Yi Wa Wanda Ya Ƙirƙiro Ka Albarka

A cikin duk kayan aikin da Google ya saki kyauta, babu wanda ya kwanta mini a rai kamar ɗan maɓallin nan na Preview da ke saman shafin Google Tag Manager, can ta hannun dama, kafaɗa da kafaɗa da maɓallin Submit. Na faɗa, kuma ko a gaban alƙali zan maimaita.

Aikina shi ne kula da shafukan intanet na wasu masu ɗinki da masu huluna a nan Soron Ɗinki zuwa Kasuwar Kurmi. Mutanenmu yanzu suna sayar da babbar riga da hula ga 'yan Abuja da Legas, suna biyan Facebook da Instagram kuɗin talla. Mai biyan kuɗin talla kuwa tambayarsa ɗaya ce: wace tallar ce ta kawo ciniki? Amsar tana wurin tag, ɗan guntun umarnin da ake liƙa wa shafi don ya riƙa kai rahoton wanda ya shigo da abin da ya taɓa. Tun 2012 Google ya fito da Tag Manager, ya tara su duka a rumbu ɗaya.

To amma tag mugun shiru gare shi. Idan ya mutu ba ya kuka. Shafi na nan garau, hotunan aska takwas na ta ƙyalli, alhali rahoto ya tsaya tun makon jiya. Rahoton Google Analytics 4 kuma, inda tag ke kai bayanansa, yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya kammala, don haka wanda ya wallafa ya zauna jira, kafin ya farga kuɗin tallar Alhaji sun bi ruwa.

Nan gwanin nawa ya shigo. Tun Oktoban 2020, idan ka danna Preview, shafin Tag Assistant ne zai buɗe. Ka rubuta adireshin shafinka, ya buɗe maka shi a wata taga daban. Kai kaɗai kake ganin sababbin gyare-gyaren, masu sayayya suna can a kan tsohon tsari ba su san wainar da ake toyawa ba. Duk abin da ka taɓa sai ya fito a jere ta hannun hagu, a tsakiya kuma ga tag ɗin da suka tashi a sama, ga waɗanda suka ƙi tashi a ƙasa.

Waɗanda suka ƙi tashin nan, wallahi a nan ya gama da ni. Ɗauki maɓallin WhatsApp, wanda shi ne ainihin ƙofar shago a wurinmu, domin Bakano ba ya sayen riga sai ya yi magana da mai ita. Ka ce wa tag ya tashi idan adireshin da aka danna yana ɗauke da wa.me. Ka danna, shiru. Maimakon ka shiga zargin network ko sammu, sai ka buɗe tag ɗin: ga sharuɗɗan da ka gindaya ɗaya bayan ɗaya, wanda ya cika da koriyar alama, wanda bai cika ba da jan kuros. Ya ma nuna maka abin da ya tarar a wurin. Ashe adireshin api.whatsapp.com ne! Ko kuwa yatsa a kan hoton da ke cikin maɓallin yake sauka, adireshin ya zo fanko, sai ka sauya sharaɗin ya koma na mahaɗa zalla. Aikin da ake kwana a kansa ya zama na shan shayi guda. Kamar tela ne ya juya riga ciki waje ya nuna maka daidai inda zare ya tsinke.

Sai batun kuɗi. Rigar naira 85,000, idan shafi ya tura farashin a matsayin rubutu mai waƙafi a tsakiya, lissafi na iya rikicewa. Idan kuma ba a haɗa da NGN ba, Analytics ba zai san kuɗin wace ƙasa ne ba. Duk wannan kana gani ƙuru-ƙuru a sashen Data Layer. Idan shafin yana karɓar kuɗi ta Paystack, akwai yanayin gwaji da katunan gwaji, ka yi sayayya tun daga zaɓen hula har shafin godiya ba ka kashe ko sisi ba. Ka sake loda shafin godiyar ka gani ko cinikin zai ƙirgu sau biyu. Na gaji wani shafi da aka dasa wa Meta Pixel, wato tag ɗin Facebook, a cikin jikinsa, aka kuma sake dasa shi a Tag Manager, kowane ciniki ya zama tagwaye, mai shago na ta murna da ribar da babu ita a aljihu. Irin wannan Meta Pixel Helper ne ke tona shi, tunda Preview abin da ke rumbunsa ya fi sani.

Kada dai a ce so ya rufe mini ido. Tashin tag daban, isar saƙo daban, shi ya sa nake buɗe DebugView na Analytics da Test Events na Meta a gefe in ga ya sauka. Manhajar toshe talla ma takan hana Preview haɗuwa da shafi sai an kashe ta. Wanda kuwa ya yi transfa ya turo rasit ta WhatsApp, kuma su ne da yawa a nan, babu tag ɗin da ya san da zamansa.

Wani abin da nake dubawa kullum shi ne kada lambar wayar mai saye ko imel ɗinsa su bi adireshin shafi su fice. Ƙa'idar Google Analytics ta hana, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023.

Ana iya tura wa wani mahaɗin gwajin ya buɗe a wayarsa. Na tura wa wani maigidana, ya danna maɓallin WhatsApp daga shagonsa. Da na nuna masa yadda abin yake fitowa a kwamfuta, sai ya ce, "Kai yaro, wato duk abin da na taɓa wannan abin yana gani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gara mu gani yau da mu nema ranar jajiberin Sallah."

Bayan haka ne kawai nake danna Submit, in raɗa wa sigar suna da kwanan wata, in rubuta abin da na sauya. Tag Manager yana ajiye kowace siga, idan sabuwar ta kawo matsala sai a sake wallafa ta jiya cikin minti guda.